Ɗan Ƙarfe da Sunan da Ba Na Faɗa

Ku matso, ku gyara zama. Wannan ba tatsuniya ba ce, da ƙafafuna na taka ta, har yau ta hagun ba ta yafe mini ba. Ni ban taɓa shiga aji ba. Faɗa nake yi, Malama Hadiza ta Islamiyya tana rubutawa, na kuma ja mata kunne kada ta ƙara mini gishiri.

Sunana Tabawa. Ƙauyenmu yana gefen Makoda, inda gonar wannan take jingine da ta wancan, in ka yi atishawa a cikin geronka maƙwabci ya amsa maka daga cikin gyaɗarsa.

Akwai wani yaro. Na ce yaro, amma gemunsa ya fara furfura. Shi ne na fari a ɗakina, saboda haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta cewa nata ne. Da aka yaye shi, yayar mahaifinsa, Gwaggo Abu, Allah ya jiƙanta, ta ɗauke shi ta raine shi. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ɗan Gwaggo Abu ne. Haka na ga uwata ta yi da yayana, haka na yi.

Karatu ya ja yaron nan har wata ƙasar Turawa mai sanyi, inda ake ƙera mutum-mutumin da zai riƙa kula da tsofaffi a cikin gida. Aikinsa shi ne ya koya wa abin zaman gidan Bahaushe. Matarsa Sa'adatu ce ta kira ni. Ta ce, "Inna, suna son tsohuwa ta gaske ta zauna da shi ta koya masa. Akwai ranar gwaji. In ya ci, Dakta yana nan a kan aikinsa. In ya faɗi, za a rufe sashen, wahalar shekaru ta tashi a banza." Na ce, "Ku gaya masa na ji." Da tsufana, da haƙorana da suka rage, haka na tafi ci-rani.

Zango na farko wani filin jirgi ne a ƙasar Larabawa, inda aka ce in jira jirgi na biyu. Faɗinsa ya fi kasuwar Dawanau, amma babu ko buhu ɗaya da za ka zauna a kai ka yi ciniki. Ina zaune rungume da jakata sai ga wani saurayi da farar shadda, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna! Sannu da hanya. Daga Kano?"

Jin Hausa a wannan wuri ya sa idona ya kawo ruwa. Na ce, "Daga Makoda."

"Ashe gida ne! Ni ai ɗanki ne, Inna."

"Ƙwarai kuwa, ɗana."

Ya shinshina jakar, ya ce kilishi da daddawa ba sa shiga ƙasar Turawa sai an buga musu hatimi, shi kuma ya san ofishin. Na kwance na miƙa masa, har da addu'a. Yana can har yau yana buga hatimi.

Wata mai shara ce ta gan ni ina ta leƙen hanya, 'yar ƙanƙanuwa, ban san ƙasarsu ba. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta ɓallo mini rabin gurasarta da dabino, ta kama kafaɗuna ta juya ni ta nuna mini alƙibla. Abin da ya tsira daga hannun ɗan hatimi shi ne kukar miya da butata, don su a cikin zane na ƙulle su.

Zango na biyu ita ce ƙasar sanyin. Sanyin can ba ya tsayawa a fata, ƙashi yake nema. Rana tana fitowa a makare kamar ɗan ƙwadagon da aka biya tun jiya, ta ɗan leƙo ta koma. A bakin ƙofar fita na ga Turawa suna rungumar iyayensu suna kuka a gaban jama'a, babu ko kunya. Yaron nan ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Na kalli bango, na tambayi Sa'adatu yara.

Abin da ya fi damuna a garin ba sanyi ba ne, shiru ne. Ba carar zakara, ba sautin daka, ba mai sallama a zaure. Gida a kan gida, mutum a kan mutum, amma kowa ya rufe ƙofarsa kamar yana ɓoye amarya. Da hantsi nakan kasa kunne ko zan ji taɓaryar Ladi maƙwabciyata, sai dai in ji firji yana gurnani.

Zango na uku, a tsakar falo na sami mutum-mutumin. Tsayinsa kamar an ɗora turmi a kan turmi, yana tafiya a kan taya, da hannu biyu, fuskarsa faifan gilashi. Na sa masa suna Ɗan Ƙarfe. Hausarsa irin ta masu karanta labarai a rediyo ce, in ya ce "barka da asuba" sai ka zaci zai sanar da rasuwar wani babba.

Washegari ya kawo mini shayi. A cikin butata. Butar da nake zagayawa da ita! Ya ɗora ta a kan faranti, ya miƙo da hannun hagu.

Na ce, "Kai, gidan wa aka raine ka?"

Ya ce, "Abu ne mai baki, da marfi, da mariƙi, ana zuba ruwa a cikinsa. Tukunyar shayi ce."

Sa'adatu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Yaron nan bai yi dariya ba, ya ɗauki allon gilashinsa ya shiga dannawa.

Zango na huɗu shi ne wurin aikinsu, inda ake kai ni da safe a cikin riguna har ba na iya lanƙwasa hannu. Shugabarsu wata Baturiya ce doguwa kamar giginya, na sa mata Uwar-aiki. Sukan kira yaron nan da sunansa tsirara, kamar ana kiran kaza. In sun kira sai in yi tari.

A bango akwai wani ƙaton gilashi, a cikinsa an zana bishiya. Suna ce mata ontoloji. Sa'adatu, wadda ita ce tafintata, ta ce wannan bishiya ita ce hankalin Ɗan Ƙarfe. Gindinta "abu". Daga nan ta rabu, mai rai da marar rai. Marar rai ya rabu, abin zuba ruwa, abin zama, abin yanka, haka har ƙananan rassa. Tsakanin rassa kuma akwai zare: wannan ana sa shi a cikin wancan, wannan yana fashewa, wannan ba ya haɗuwa da wancan. Duk abin da ba a rataya a bishiyar ba, Ɗan Ƙarfe bai san da shi a duniya ba. A gabana yaron nan ya sa yatsa ya ja buta daga reshen shayi, ya tsiro mata da nata reshen kusa da alwala, ya ɗaura zaren da ya ce ba ta hawa farantin abinci.

Tambayoyinsu kuwa, ko yaron goye ba zai yi ba. In an ɗauki ƙwarya, furar da ke ciki tana bin ta ko tana tsayawa? In an rufe tuwo da faifai, tuwon yana nan? Na ce, "Yana nan, in babu yara a gidan." Suka rubuta da gaske.

A gefen bishiyar akwai wata fitila da na sa wa suna Mai-tsegumi. In ka faɗi magana yau, gobe ka faɗi wadda ta saɓa mata, sai ta yi ja. Ni ta fara kamawa. Na ce musu akuya ba ta shiga ɗaki. Can a cikin hira na ba su labarin akuyar Ladi da ta cinye mini dawa a ƙuryar ɗaki. Fitila ta yi jawur.

Na ce, "Ai ba ta shiga. Sai dai in ta shiga."

Uwar-aiki ta dafe kai. Sai da suka yini suna tsiro da wani ɗan reshe na abin da aka saba, wanda wata rana yakan saɓa.

Reshe ɗaya ne ba ya fitowa a bango, shi ne na dangin tsohuwa. Wannan a cikin Ɗan Ƙarfe yake a kulle. Abin da tsohuwa ta faɗa da bakinta a kan 'ya'yanta shi ne gaskiya, ba mai gyara shi, ba mai leƙa shi sai da izininta. Sun yi haka ne saboda macuta masu zuwa su ce su 'ya'ya ne. Na tuna da kilishina, na ce wannan doka ta yi.

Wata rana da azahar muna gida daga ni sai shi, Ɗan Ƙarfe ya gangaro gabana.

"Hajiya, zan cike reshen iyali. Mai gidan nan, mene ne sunansa?"

"Tambayi matarsa."

"Ɗanki ne?"

Na gyara mayafi. "Ɗan Gwaggo Abu ne."

"An adana."

Ana haka aka buga ƙofa. Idirisu ne, wani ɗan Sudan mai kawo saƙonni a kan keke, wanda shi kaɗai ne a unguwar yake yi mini sallama. Na ce, "Sannu ɗana, Allah ya yi albarka."

Ɗan Ƙarfe ya juyo. "Ɗanki ne?"

"Ɗana ne mana. Ba ka ga ya hawo bene da kaya saboda ni ba?"

"An adana." Ya karɓi lambar wayarsa, Idirisu ya bayar yana murmushi.

Da yamma yaron nan ya nufo ɗakina da maganin ƙafata. Ɗan Ƙarfe ya sha gabansa, ya ware hannuwa.

"Dakata, malam. Magani da ɗakin Hajiya sai 'ya'yanta."

A gidansa! Da kuɗin hayarsa! Ni kuwa daga ciki na ce a raina, to, yau ga mai tarbiyya a ƙasar nan, ya san ɗan fari ba ya faɗowa ɗakin uwa kamar an jefo shi.

Abin ya ci gaba. Yaron nan ya buɗe bayan Ɗan Ƙarfe, ya rufe, ya bi bishiya reshe-reshe, bai ga komai ba. In ya tambaye shi dalili sai ya ce, "Sirrin Hajiya ne." Ni kuma ba zai iya tambayata ba. Tsakanina da shi gaisuwa ce, sai saƙo ta bakin wani. Na ga wuyansa yana ramewa a cikin riga, na ce wa Sa'adatu ta ƙara masa man shanu a miya.

Ita ta gano, muna kaɗa miyar kuka. Ta ajiye maburgi.

"Inna, don Allah, me kika ce wa abin nan a kan Dakta?"

"Abin da nake ce wa kowa."

"Innalillahi! Inna, ki je ki gaya masa gaskiya. Kalma biyu ce."

"Ban faɗa wa ungozomar da ta yanke cibiyarsa ba, sai in faɗa wa gwangwani?"

"Aikinsa fa, Inna."

"Allah yana nan."

Ni a zatona ranar gwaji buta da akuya za a tambaya, kuma waɗannan mun haddace su.

Zango na ƙarshe, ranar gwaji. Aka shirya ɗaki a wurin aikinsu kamar na gida, da gado da tabarma. Manya suka zauna a jere da tabarau. Ɗan Ƙarfe ya kawo shayi a kofi, da hannun dama. Ya kai buta inda ake kai buta. Aka jefa masa tambayar ƙwarya da fura, ya amsa. Ina ta gyaɗa kai kamar ni na haife shi.

Sai Uwar-aiki ta ce in kwanta in yi kamar jiri ya ɗebe ni. Na kwanta, na yi nishi mai kyau, irin wanda nake yi in an zo karɓar aron turmi. Ta ce wa Ɗan Ƙarfe, "Kira ɗanta."

Yaron nan yana tsaye, taku kaɗan tsakaninsu. Ɗan Ƙarfe ya wuce shi kamar ginshiƙi. Muka ji waya tana ƙara daga cikin ƙirjinsa, sai ga murya cikin hayaniyar motoci: "Mama? Mama!" Idirisu ne. Ɗan Ƙarfe ya sanar da shi, da muryar labaran rasuwa, cewa mahaifiyarsa ta faɗi.

Manya suka dubi juna. Uwar-aiki ta nemi izinina a buɗe reshen iyali. Na ce a buɗe, me na ɓoye?

Sai ga ni a bango, Tabawa, da 'ya'ya reras a ƙarƙashina kamar kaza. Ga Idirisu. Ga mahaucin Pakistan da muke sayen nama a wajensa. Ga direban bas. Ga ita kanta Uwar-aiki, don na taɓa ce mata 'yata. Har da wani marar suna, an rubuta "ya tafi buga hatimi", saboda na taɓa ba Ɗan Ƙarfe labarin wani ɗana da ya gudu da kilishina. Can gefe kuma, shi kaɗai, a rataye a ƙarƙashin marigayiya Gwaggo Abu, ga yaron nan. An rubuta masa: baƙo mai kwana a gidan.

Uwar-aiki ta ce ai takardun shigowata ƙasar sun nuna ni ce mahaifiyarsa. Aka shigar da wannan. Mai-tsegumi ta yi ja, ja irin na gaushi, tana kallona.

Wani mai tabarau ya fara tattara takardunsa. Sai yaron nan ya yi magana da harshensu, a hankali, kansa a ƙasa. Na taɓo Sa'adatu.

"Me yake cewa?"

Ta ce, "Ya ce laifinsa ne. Ya san al'adar tun yana yaro, amma bai yi mata wuri a bishiyar ba. Ya ce kada wanda ya matsa miki, ko da za a rufe sashen."

Na tashi zaune. Jirin ƙarya ya tafi, na gaske ya zo. Na ce, "Sa'adatu, ce musu kowa ya fita. Har ke. Har wancan."

Suka fita, aka ja ƙofa. Na kira Ɗan Ƙarfe ya matso. Na cire mayafina na lulluɓe mu, ni da shi, kamar masu turare. Na sa bakina inda nake zaton kunnensa yake, na faɗi sunan. Ya fito da ƙyar, kamar ƙofar rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ce nawa ne. Da na fara kuma sai na kasa tsayawa. Na gaya masa da damina aka haife shi, ana noman gyaɗa na biyu. Na gaya masa ranar da Gwaggo Abu ta goya shi ta fita ina daka, ban ɗaga kai ba, amma hatsin nan sai da ya zama gari ban sani ba. Na gaya masa akwai wata ɓula a dangarmu da nake leƙensa in zai wuce makaranta.

Ɗan Ƙarfe ya ce, "An adana. In sanar?"

"In ka sanar, sai na sa ka a buhu na kai wa 'yan gwangwan su auna ka."

Fuskarsa ta ƙyafta. "Hajiya, ba ni da reshen abin da yake gaskiya amma ba a faɗa."

"To riƙe shi a hannu kafin a tsiro maka da shi."

Aka dawo. Na koma na kwanta, na sake nishi. Uwar-aiki ta ce, "Kira ɗanta." Ɗan Ƙarfe ya juya a kan tayarsa, ya gangara, ya tsaya a gaban yaron nan.

"Kai. Ana kira."

Fitila ta koma kore. Mai tabarau ya ce a tambaye shi, wannan mutumin mene ne shi a wajen tsohuwar? Ɗan Ƙarfe ya ce, "Na sani. Ba a faɗa."

Sa'adatu ta fassara tana share ido da gefen gyale. Uwar-aiki ta bushe da dariya. Ana cikin haka ƙofa ta buɗe da ƙarfi, sai ga Idirisu da hular keke, da jakar saƙon mutane a bayansa, yana haki yana kiran Mama. Ya bar aikinsa ya ratso gari saboda ni. Aka ba shi kujera da shayi, na sa masa albarka har sai da ya ji kunya.

Manya suka shiga shawara suka fito. Suka ce gwajin farko an faɗi, babu wata kwaskwarima. Amma abin ya nuna rami a bishiyar wanda ba na Hausawa kaɗai ba ne, don Uwar-aiki ta ce ko a gidansu akwai abin da kowa ya sani ba a faɗa a teburin abinci. Suka bar sashen, suka ɗora wa yaron nan aikin tsiro da wannan reshe.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Can yaron nan ya ce wa sitiyari, "An gode." Na ce wa taga, "Sa'adatu, ki gaya wa wancan ya riƙa sa hula, ƙasar nan ba ta barin kai a buɗe."

Na dawo gida ana cire gyaɗa. Ladi ta tambaye ni abin da na faɗa a ƙarƙashin mayafi, na ce ta je ta tambayi Ɗan Ƙarfe, yanzu ya fi ta kunya. Kafin in taho ya tambaye ni ko ya goge sauran 'ya'yan. Na ce ya mayar da su reshen 'ya'yan albarka, har ɗan hatimi, ko Allah zai shirye shi.

Duk Juma'a Sa'adatu takan kira, ta juya wayar wajen Ɗan Ƙarfe.

"Hajiya, ɗan Gwaggo Abu yana gaishe ki."

"Ina amsawa. Yana sa hular?"

"Yana tsaye a nan, Hajiya, yana jin ki."

"Na san yana nan. Da kai nake."

Iyakar abin da zan faɗa ke nan, Malama, rufe biron. In na yi ƙarya a ciki, jar fitila ta kama ni.